Bikin Nowel da wadar zuci

Ya kai mai karatu, ranar 25 ga watan Disamba Kirista suke bikin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu. A Nijar ana ce da shi Nowel, a Najeriya kuwa Kirsimeti. Idan kana zaune a Maradi, ko Tsibiri, ko Galmi, ko Dogon Dutsi, wataƙila kana da maƙwabta masu yin wannan biki, ko ma kai kanka kana cikinsu.

Bikin yana zuwa bayan kaka, cikin sanyin hunturu. Lokacin nan kowa ya riga ya ƙirga dammansa. Wani rumbunsa ya cika, wani ko rabi bai kai ba. Amma ranar biki ɗaya ce ga kowa. Matar maƙwabci ta ɗinka sabon zane. An yanka akuya a gidan wane. Ɗan wane ya aiko da kuɗi daga Abijan. Kai kuwa sai zuciyarka ta fara tambayarka: ni fa?

To, me bangaskiyar Kirista ta ce game da wannan tambaya?

Mu fara da mai bikin kansa. Linjilar Luka ta nuna cewa a Baitalami aka haifi Yesu, aka kwantar da shi cikin komin dabbobi, don ba a samu wuri a masauki ba. Makiyaya ne suka fara zuwa ganinsa. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. A shari'ar Musa, macen da ta haihu takan kawo ɗan rago hadaya. Idan ba ta da hali, sai ta kawo kurciyoyi biyu ko ƴan tantabaru biyu. Da Maryamu da Yusufu suka kai jaririn Urushalima, hadayar tsuntsaye Luka ya ambata, wato ta talakawa. Ba su ci bashi don su sayi rago su burge mutane ba. Abin da ke hannunsu suka kai, kuma shari'a ta yarda da shi.

Sai kuma manzo Bulus. Yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Kiristan birnin Filibi wasiƙa. Filibi tana cikin ƙasar Girka ta yau. Ya gaya musu ya ga ƙoshi, ya ga yunwa, kuma ya koyi zama da wadar zuci cikin kowanne, da ƙarfin da Almasihu yake ba shi. Ka lura, koyo ya yi. Ba da ita aka haife shi ba. Kai da ka zauna ajin yaƙi da jahilci ka san abin da ake nufi da koyo. Ran farko alli ma ba ya riƙuwa a hannu. Yau ga ka kana karanta wannan takarda.

Na san abin da wani zai ce: wannan magana ce ta lallashin talaka, don ya yi shiru da talaucinsa. Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a share ta ba. Amma dubi Bulus ɗin. Sana'arsa ɗinkin tanti, da hannunsa yake neman abincinsa. Da mutanen Filibi suka aika masa da gudummawa kurkuku, ya karɓa, ya yi godiya. Ke nan wadar zuci ba ta hana ka kai taki gona, ko noman rani, ko karɓar taimako. Abin da take hanawa shi ne ka auna darajarka da zanen matar wani.

A ganina ma rashin wadar zuci shi ne babban mai cutar talaka. Saboda kwana ɗaya mutum ya kwashi hatsi ya kai kasuwa lokacin da tiya take araha. Da bazara, ana shirin shuka, ya koma sayen wannan hatsi da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai ko shuka ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san darajar dami ɗaya a rumbu.

Abu mafi wuya shi ne yara. Babba ya iya danne zuciyarsa, amma yaron da ya ga tsaransa da sabuwar riga kuka zai yi, kukan kuwa yana ƙona uba. Kada ka yi masa tsawa, kada kuma ka yi masa alkawarin ƙarya. A wanke tsohuwar rigarsa tas. Idan zakara ɗaya gare ka, a yanka shi, a miƙa wa maƙwabci ɗan kwano, Kirista ne ko Musulmi, kamar yadda shi ma yake miƙo maka ran salla. Da dare ka zaunar da yaron kusa da wuta, ka buɗe Luka sura ta 2, ka karanta masa labarin tsuntsayen nan biyu da bakinka, tun da yanzu ka iya.