Karenka da Ɗan Maƙwabcinka

Idan kana da kare a gida, ko na gadi ko na farauta, akwai tambayar da ya kamata ka amsa a gaban Allah. In karen nan ya ciji yaron maƙwabcinka, yaron kuma ya rasu da ciwon haukan kare, alhakin ransa yana wuyan wa?

Da yawa za su ce tsautsayi ne. Amma Littafin Fitowa 21:28-29 ya raba al'amarin gida biyu. Sa da ya tunkuyi mutum ba zato, mai shi ba shi da laifi. In kuwa an riga an faɗakar da shi halin sansa, ya ƙi ɗaure shi, jinin yana kansa. Abin da ya bambanta su shi ne sani. Mu kuma an faɗakar da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar nan tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Da zarar alamunta sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, da wuya ya tashi.

Ubangiji bai bar mu ba mafita ba. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro da allura a Faransa, yau kuma a Vom kusa da Jos ana yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo tun yana wata 3, a kuma maimaita kowace shekara. A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe, gama alheri na rana ɗaya yana da sauƙi, aminci na shekara da shekaru kuwa sai mai naciya. Kada ka ce bangaskiya ta ishe ka. Wanda ya yi addu'ar tsari ya kuma ƙi abin tsarin da aka miƙo masa, gwada Allah yake yi.

Haka nan batun rajista da lasisin kare. Kana iya ganinsa wata hanyar karɓar kuɗi ce kawai. Amma duba ma'anarsa: ka sa sunanka a kan dabbarka, ka yarda a tuhume ka saboda ita. Kayinu ne ya fara musun cewa tsaron ɗan'uwansa yana hannunsa.

Gaskiya ne, manomi a Ƙofa yana da abin da ya fi kare cin kuɗi, kai dabba wurin likitan dabbobi a Kusada ko Kankiya kuma ɗawainiya ce. Saboda haka wannan aikin ikilisiya ne. Masana sun ce in kashi 70 cikin 100 na karnukan gari suka sami allura, cutar takan daina yaɗuwa. Dattawa su sa rana, a gayyato ma'aikaci, a kira maƙwabtanmu Musulmi su kawo nasu, mai hali ya biya wa marar hali.

In kuwa kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, addu'a tana tafe tare da ku a hanya.

Ya Ubangiji, ka koya mana ƙaunar maƙwabci har cikin abin da muke kiwo. Amin.