Waiwaye Adon Tafiya

Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya. A zahiri maganar fatake ce: in ayari ya yi nisa, madugu kan ja birki ya juya, ya duba ko jaki ya gaza, ko kaya sun karkace, ko an bar wani a baya. Ba wanda zai ce ya ɓata lokaci, don aikin da aka ɗora masa ke nan. A baɗini kuwa, karin maganar na nufin duk wanda ke jan ragamar mutane, ko yake son ya ja ta wata rana, sai ya riƙa tsayawa yana bin sawun abin da ya aikata. Sai dai akwai matsala: zuciya ba amintacciyar shaida ba ce. In abu ya yi kyau takan ce dabararka ce, in ya ɓaci ta ce ƙaddara. Shi ya sa waiwayen shugaba ke buƙatar takarda da alƙalami.

Mu ɗauki misali daga Nansha, gundumar da ke kudancin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, a bakin kogin Zhujiang. Can ne babbar tashar jiragen ruwa ta birnin take, kuma tun 2015 yankin ya shiga cikin yankin ciniki maras shinge na lardin Guangdong. Kaya da yawa da ’yan kasuwarmu ke sara a Guangzhou ta nan suke fita, su nufi Legas ko Lome ko Kwatano, kafin su isa Kantin Kwari ko kasuwar Maraɗi. A sashen tashar da aka buɗe a 2022, motoci marasa direba ne ke jigilar kwantena, kwamfuta na riƙe da lambar kowace da nauyinta da sa’ar da ta motsa. Abu ɗaya ne ba ya cikin wannan lissafi: dalilin da ya sa mai kayan ya yanke shawarar da ya yanke.

A ce wakilin wani maigida ne tsaye a sito ana loda masa yadi. Ya farke dila ɗaya, ya ga launin ya ɗan fi samfur duhu. Tafinta ya ce masa ai hasken fitila ne. Mai masana’anta na jiran ciko, jirgi na shirin tashi, maigida kuma na ta bugo waya daga Kano. Sai ya ce a rufe kwantena. Daga ranar zuwa ranar da za a sauke kayan a shago za a shafe sama da wata guda, kuma a wannan tsakanin ƙwaƙwalwa ta gama gyara labarin. In yadin ya yi kwantai, abin da zai ce shi ne, “Wallahi Alhaji, mutanen nan ne suka cuce mu.” Ba ƙarya ya shirya ba, haka yake tunawa. Amma da a daren lodin ya rubuta layi uku, cewa ya ga bambancin launi, bai buɗe sauran dilolin ba saboda gudun faɗan maigida, kuma yana zaton kasuwa za ta karɓa, da ya gane cewa ciwonsa ba rashin sanin yadi ba ne, tsoron faɗar magana maras daɗi ne. Wannan ciwon kuwa shi ke hana yaron gida zama maigida.

Tsallaken kogin daga Nansha akwai Humen, inda jami’in daular Qing, Lin Zexu, ya fara lalata akwatunan ofiyom kimanin 20,000 ranar 3 ga Yuni, 1839. Lin mai rubuta abubuwan yau da kullum ne: yanayin gari, waɗanda ya gana da su, wasiƙun da ya aika. Ko da aka tuɓe shi aka kora shi Xinjiang bai ajiye alƙalami ba, kuma da kundin nasa marubuci Arthur Waley ya yi aiki a littafinsa na 1958 kan yaƙin da ya biyo bayan lalata ofiyom ɗin. Wani jami’in daular, Zeng Guofan, wanda ya rasu a 1872, ya ƙara wani mataki. Shi kansa yake gurfanarwa a takarda, yana tuhumar kansa da makara da surutu da shan taba, har ya riƙa miƙa wa malaminsa Woren kundin don ya yi masa gyara. Na farko ya tsare gaskiyar abin da ya faru, na biyu ya tsare halinsa, kuma shugaba na buƙatar duka biyun. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu: malamai sun daɗe suna karantar da muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi.

Wani zai ce ai Bahaushen nan dai shi ya ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gaskiya ne, kuma gargaɗi ne mai amfani. Akwai waiwayen da ke zama cizon yatsa, akwai kuma littafin da ke komawa rumbun ƙorafi, shafi bayan shafi ana lissafa laifin kwastan da direba da yaran shago. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ma’aunin mai sauƙi ne: in mutum ya karanta abin da ya rubuta bai sami abu guda da shi da kansa zai sauya gobe ba, to bai yi waiwaye ba tukuna.

Ba sai an yi dogon turanci ba. Ƙaramin littafi daban da na bashi ya isa, ko ma wayar hannu. A rubuta shawara a ranar da aka yanke ta, tare da dalili da abin da ake tsammani, tun sakamako bai bayyana ba. Idan ya bayyana, a koma a gwada. Duk ƙarshen wata a karanta gaba ɗaya, domin kuskuren da ya maimaitu sau uku ya tashi daga tsautsayi ya zama hali. Sannan a sami babba mai amana a nuna masa. Ranar da maigida zai zaɓi wanda zai riƙe masa sabon shago, ba wanda bai taɓa yin asara ba yake nema, don babu shi a kasuwa. Wanda zai iya faɗin yadda asarar ta auku, da nasa kason a ciki, shi ake miƙa wa makulli.