Bimbinin Safiya: Ruwan da Ke Kwana a Tankin Iska

'Yan'uwa mazauna unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu, da baƙinmu direbobi da yaran mota da suka kwana a gareji suna jiran lodi, barkanmu da asuba. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tashe mu cikin masu rai.

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar DAF ko roka da ta yi dakon shanu daga Potiskum, ko albasa daga Aliero, ko wake daga Dawanau, ya san cewa babbar mota gida ce ga direba da yaronsa. Bayan kujera akwai katifa da gidan sauro. Ga buta, ga darduma, ga jarkar ruwa ɗaure a gefen shasi, ga risho da tukunya a cikin akwatin ƙarfe. In an iso Lokpanta ko Gariki ana jiran a sauke kaya, inuwar ƙarƙashin bodi ita ce zaure, nan ake shimfiɗa tabarma a ci abinci, a yi salla, a yi hira. Yanzu ma wasu sun ɗora farantin sola a saman kai, sun sa 'yar fanka da wurin cajin waya, don mutum kan yi kwanaki a Kudu kafin ya samu kayan komawa.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun girmi yaran da ke wanke su. A shekarar 1980 aka buɗe masana'antar ANAMMCO a Emene, nan Inugu, inda aka riƙa harhaɗa manyan motocin Marsandi, kuma har yau ana cin karo da irinsu a kan hanya. Wasu kuwa sun gama aikinsu a Turai kafin a kawo su nan su fara sabuwar rayuwa. Abin da ya riƙe su, bayan ikon Allah, shi ne hannun masu su. Kayan gyara ba su yi wuya ba: akwai Mgbuka a Obosi kusa da Anaca, akwai Ikoku a Fatakwal, akwai Coal Camp a Inugu. Amma in fambel ya tsinke da tsakar dare tsakanin Otukpo da Obollo-Afor, babu kasuwa babu bakanike. Dole direba ya iya canza shi da kansa, ya iya ɗaure tiyon da ya fashe, ya iya wanke filta ya fitar da iskar da ta shiga layin gas.

Wannan aikin hannu ba ƙasƙanci ba ne. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a cikin gida, sai ta ba da labarin cewa shi yake ɗinke tufarsa, shi yake gyara takalminsa. Saboda haka ɗan'uwa, in ka fito daga ƙarƙashin mota hannunka baƙi ƙirin da giris, kada ka ji kunyar kowa.

Daga cikin ayyukan da direba ke yi da kansa, akwai wani ƙarami da nake so mu tsaya a kansa yau. Birkin babbar mota da iska yake aiki. Kwampireso yana zuƙo iskar waje, ya matse ta, ya tura ta cikin tanki. Iskar nan tana ɗauke da danshi, kuma a nan Kudu danshin ya fi na gida yawa. Idan ta huce a cikin tanki, sai danshin ya koma ruwa ya kwanta a ƙasa, ya gauraya da ɗan baƙin man da ke tsiyayowa daga kwampireso. Sababbin motoci suna da na'urar busar da iska, amma a tsofaffi ko dai babu ita, ko ta daɗe da mutuwa. Don haka aka sa wani ɗan bawul a gindin tanki. Yaron mota ya durƙusa, ya ja zoben, sai ka ji iska ta fashe da ƙara, ruwa mai launin tsatsa ya feso kan ƙasa. Ya ci gaba da riƙewa har sai iska zalla ta fito. Aikin bai kai minti biyu ba, kuma ko kwabo ba ya ci.

In an bar shi fa? Yau ba za ka ga komai ba, gobe ma haka. Mota za ta tashi, hon zai yi kuka, birki zai kama. Amma ruwan yana cin gurbin iska, yana cin tanki daga ciki, yana lalata robobin bawul. Ranar da abin zai bayyana ita ce ranar da ka baro Ninth Mile da cikakken lodi ka kama gangaren Ugwu Onyeama zuwa cikin Inugu, wurin da kowane direba ya san rayukan da suka salwanta a can. A nan ake buƙatar kowane ɗigon iska, kuma a nan ba a tsayawa gyara.

Zuciyar ɗan Adam ita ma tana tara irin nata ruwan, ba tare da mai ita ya yi niyya ba. Kana cikin kasuwa, kana cikin ciniki, abin yana shiga tare da numfashi. 'Yar ƙarya a kan farashin da ka sayo kaya. Rantsuwar da ba a nema ba. Buhun da aka sa manyan albasa a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Zagin da ka yi wa yaronka a gaban mutane. Sallar la'asar da ta koma magariba saboda layi. Kallon da nisa da iyali ya sauƙaƙa. Babu ɗaya daga cikinsu da yake hana ka tashi da safe ka ci gaba da harkarka, shi ya sa muke raina su.

Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana yadda zunubi yake barin baƙin ɗigo a zuciya, in bawa ya tuba ya nemi gafara sai ta goge, in ya ƙara sai ɗigon ya ƙaru har ya rufe ta. Ya ce wannan ita ce tsatsar da Allah Ya ambata a aya ta 14 cikin Suratul Muɗaffifin. Mu 'yan kasuwa ya kamata mu lura cewa surar nan da gargaɗin masu tauye mudu da awo ta fara. Kuma Buhari ya ruwaito cewa shi kansa Manzo, wanda aka gafarta masa, yana neman gafara fiye da sau saba'in a yini. To mu fa?

Kowa yana da gangaren da ke jiransa. Wata rana abokin ciniki zai cinye maka kuɗi, ko a tsare ka a shingen hanya a wulaƙanta ka, ko wata fitina ta tashi a gari, ko a ajiye maka haram a gabanka ba wanda yake gani. Ranar nan za ka taka haƙuri da tsoron Allah, kuma abin da ka tanada a safiyoyin da suka wuce shi za ka tarar.

Kada wani ya ce ai komai na Allah ne. Gaskiya ne, amma mutumin da ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umartarsa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Direban da ya rubuta addu'a a goshin motarsa, ya yi mata fenti da fitilu masu launi, amma bai duba birki ba, ya sa ran mutane cikin haɗari, kuma za a tambaye shi. Kayan ado suna da kyau, sai dai bayan an gyara abin da ke riƙe da rai. Haka nafila da sadakar da ake gani suke zuwa bayan farilla da cin halal.

Akwai kuma gyaran da istigfari kaɗai ba ya kammalawa. In kuɗin abincin yaronka ka danne, ko bashin mai shayi, ko ka ci mutuncin maƙwabcinka, Bahaushe ne ko Ibo, sai ka je wurin mai haƙƙi ka biya ko ka roƙi yafiya. Wannan tafiyar ma babu wanda zai yi maka ita.

Ɗan'uwa, kafin ka naɗe darduma yau, zauna kaɗan. Bi jiya daga safe har dare, ka ambaci laifinka ɗaya bayan ɗaya tsakaninka da Ubangijinka, ka karanta Sayyidul Istigfari da azkar ɗin safiya, ka ƙudurta wanda za ka nema ka biya kafin rana ta faɗi. In kai direba ne, daga nan ka wuce wurin motarka, ka zubar da ruwan tanki, ka jira iska ta cika, ka gwada birki kafin ka hau titi. In ka ji abin da bai kwanta maka ba, kada ka tashi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ya Allah, Ka wanke zukatanmu, Ka yafe mana abin da muka sani da wanda muka manta. Ka tsare matafiya, Ka mai da su ga iyalansu lafiya. Ka ba mu zaman lafiya da mutanen da muke zaune a garuruwansu, Ka sa albarka a neman da za mu fita yau. Amin. Allah Ya ba mu yini lafiya.