Wa Ya Halicci Iskoki?

Ya kai mai karatu, ko kai maigida ne mai lambu a bakin tafkin Gidimuni, ko ke uwargida ce mai goyo, wannan 'yar takarda dominku ce. Ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, an yi maka baftisma. Amma ran da yaro ya kwana da zazzaɓi yana sanƙarewa, sai tsohuwa ta ce, "Inna ce ta taɓa shi, a nemo baƙar akuya." A ranar nan zuciya takan rabu biyu. Bari mu bincika mu ga ko su wane ne iskokin nan, ina ne asalinsu, wa kuma yake bisansu.

LABARIN DA KAKANNI SUKA BARI

'Yan bori suna da labarin farkon duniya. Sun ce Adamu da Hawwa'u sun haifi tagwaye da yawa. Wata rana Allah ya ce a kawo 'ya'yan ya gani. Hawwa'u ta ji tsoro kada ya karɓe su, sai ta zaɓi kyawawan ta ɓoye. Allah kuwa ya sani. Ya ce tun da an ɓoye su, su zauna a ɓoye har abada. Su ne suka zama iskoki, mu kuwa zuriyar waɗanda aka nuna ne. An ce saboda wannan suke kishinmu, suna jefa mana cuta sai an biya su da jini.

An ce birninsu Jangare ne, wanda ba ɗan adam da ya taɓa shiga ya komo. 'Yan bori na Kano sun lissafa gida 12 a cikinsa, Sarkin Aljan yana bisa duka. Akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da caca. Akwai Malam Alhaji, tsoho mai tari da tasbaha. Akwai Inna Bafulatana mai shanye hannu da ƙafa, da Sarkin Rafi mai haukata mutum, da Kuturu, da Kure mai son jan bunsuru. Kowa da kiɗansa na goge ko garaya, kowa da launin dabbar da yake so.

DUBA DA KYAU

Ka lura da birnin nan. Akwai sarki, akwai galadima, akwai malami, akwai kuturu a bakin ƙofa, akwai Bafulatana da ƙwaryar nono. Ashe, ba haka ake gani ba a fadar Damagaram da kasuwar Zinder? Mutane sun dubi garinsu, suka zana wa iskoki irinsa.

Ga wata shaida kuma. Faransawa sun kama Zinder a 1899. Wajen 1925 sai ga sababbin iskoki sun fito a ƙasar Filinge, ana ce da su Hauka ko Babule. Suna fareti irin na soja, suna sara wa juna, a cikinsu har da Kwamandan Mugu. Ina suke kafin zuwan Nasara? Wanda aka san shekarar fitowarsa, ba shi ya kafa duniya ba.

Wannan hali ba na ƙasarmu kaɗai ba ne. A Amurka a 1974 an fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Marubuta sukan zauna su ƙaga wa wasan duniyoyi, da allolinsu, da labarin halittarsu: wannan allahn yaƙi, wancan na teku, suna aure suna faɗa da juna. Masu wasan sun sani ƙage ne, ba wanda yake yanka musu ko kaza. Annabi Ishaya ya ga irin wannan tun dā. A sura 44 ya ba da labarin masassaƙi wanda ya sare itace guda, ya dafa abinci da rabi, ya sassaƙa sauran ya durƙusa masa. Allolin da mutum ya ƙaga, kama da mutum suke, da kishinsa da kwaɗayinsa.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA

Buɗe Littafin Farawa, sura 1 zuwa 3. Allah ɗaya ne, ba shi da mafari. Da maganarsa ya yi haske da sama da ƙasa da ruwaye, ya ga kuma aikinsa mai kyau ne. Ba ya bukatar nono ko jini domin ya rayu. Ruwan tafkin da kake ban ruwa da shi, da dabinon da ke gefensa, da geron da ke rumbunka, duka nasa ne. Ba Sarkin Rafi ya haƙa tafkin ba, ba kuwa Uwar Gona take tsirar da iri ba.

A cikin Farawa ma akwai ɓuya, amma dubi bambancin. Ba 'ya'ya aka ɓoye ba. Adamu da Hawwa'u ne da kansu suka ɓuya a cikin itatuwa, gama sun yi zunubi, kunya ta kama su. Me Allah ya yi? Bai ce su zauna a ɓoye har abada ba. Ya zo ya kira Adamu, ya neme shi. Ya hukunta zunubin, gaskiya ne, amma ya yi musu sutura ta fata, ya kuma yi alkawari cewa zuriyar macen za ta ƙuje kan macijin. A labarin bori Allah ya yanke magana ya yi nisa, ya bar mu da masu kishinmu. A Littafi Mai Tsarki kuwa, Allah ne mai neman wanda ya ɓuya.

To, miyagun ruhohi fa, babu su ne? Akwai su. Amma ba 'yan'uwanmu ba ne, ba kuwa alloli ba ne. Halittattu ne da suka tayar wa Mahaliccinsu, aikinsu ruɗi da ban tsoro, sukan kuma fake da kowane suna da mutane suka ba su. Manzo Bulus ya koya a Kolosiyawa 1:16 cewa abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, har da masu mulki da masu iko, duka ta wurin Almasihu aka yi su.

Karanta Markus sura 5. Wani mutum yana zaune a makabarta, aljannu masu yawa a kansa, ko sarƙa ba ta riƙe shi. Yesu bai kira mai goge ba, bai yi girka ba, bai tambaye su launin akuyar da suke so ba. Umarni kaɗai ya ba su. Su ne ma suka roƙe shi izini, suka shiga garken aladu wajen 2,000. Mutanen gari suka zo suka tarar da mutumin a zaune, da tufafi, cikin hankalinsa.

Wanda ya shiga yanka wa iskoki bai gama ba. Bana akuya, baɗi tunkiya, bashin har 'ya'ya su gāda. Amma Yesu ya miƙa kansa hadaya sau ɗaya tak a kan gicciye, ya tashi daga matattu a rana ta uku. Ibraniyawa sura 10 ta nuna ba sauran wata hadaya da ake bukata.

ME ZA KA YI A GIDANKA?

Idan yaro ya kamu da zazzaɓi mai zafi, ko wuyansa ya sanƙare, kada ka ɓata kwana. Zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suna kashewa da sauri, amma suna da magani. Ka kai shi gidan likita nan da nan. Ka kuma kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, yadda Yakubu 5:14 ya umarta.

Idan tsofaffi suka matsa a yi yanka, kada ka zage su, gama ƙaunar yaron ce ta sa su. Ka ce, "Iya, na gode da kulawarki, amma gidan nan yana da Mai tsaro." Idan fari ya zo irin na 1973 da 1984, maƙwabta suka ce a haɗa kuɗin yanka a gindin tsamiya, ka ƙi da ladabi, amma ka buɗe rumbunka ga mai jin yunwa.

Idan akwai laya ko kayan tsafi a ɓoye cikin ɗaki, ka fito da su. Masu bi na Afisa sun ƙone littattafansu na sihiri a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). Da dare kuma ka tara yara, ka karanta musu labarin halitta, domin su san Mahaliccinsu tun suna ƙanana.

Ɗan'uwa, ko kana ɓuya yau saboda tsoro ko kunya? Allah yana kiranka. Ka yi wannan addu'a da zuciya ɗaya:

Ya Ubangiji Allah, kai ka yi ni, kai ka yi dukan abu. Ka gafarta mini zuciya biyu. Na rabu da iskoki da ayyukansu. Na sa kaina da iyalina da gonata a hannun Yesu Almasihu. Ka tsare mu dare da rana. Amin.

In ka gama karantawa, ka miƙa wa maƙwabcinka.