Sarautar Aro a Bayan Labule

Duk lokacin da wata makaranta a Gusau ta shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen zango, akwai ɗalibi guda da 'yan kallo ba sa gani. Shi ke riƙe da littafin wasan a bayan labule, shi ke kiran kowa lokacin shigarsa, shi ke tuna wa wanda ya manta magana. Ba shi da bulala, ba ya ba da maki, kuma waɗanda yake yi wa umarni abokan ajinsa ne.

A ce ana shirin Uwar Gulma na Mohammed Sada. Yaron da ya fi kowa iya fitowa a Hayatu ya san ba shi da na biyu, don haka sai ya ga dama yake zuwa gwaji, in ya zo kuma ya yi wa Halima ba'a har ta kasa buɗe baki. Saura mako guda. Shin daidai ne mai kula ya cire shi, ya sa wani mai rauni amma mai zuwa kullum?

Wasu za su ce wasan ne abin dubawa: iyaye za su taru, kada a kunyata makaranta. Maganar tana da nauyi, domin wahalar yara ashirin na iya zubewa saboda hukuncin da aka yi wa ɗaya. Amma mu muna ganin lalacewar ta riga ta faru tun ranar da sauran suka gane cewa dokar lokaci ta marasa baiwa ce kaɗai.

Iyayenmu sun san wannan. A ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, kafin rashin tsaro ya rage taron dare, samari kan yi kalankuwa bayan girbi, su naɗa sarki da alƙali da dogarai daga cikinsu. Kowa ya san sarautar ta aro ce, amma wanda aka ci tara yakan biya, domin an yarda da dokar tun kafin a san wanda za ta kama, kuma manya ba sa shiga su warware hukunci.

A nan ne mu manya muke yawan faɗuwa. Mukan ɗora wa yaro nauyi, sa'an nan in mai baiwar ya kawo ƙara, ko mahaifinsa ya zo ofis, mu mayar da shi ba tare da mun ko tambayi mai kula ba. Shi ma mai kular ba mu wanke shi sarai ba. Wani yakan fake da doka ya rama tsohuwar gaba ta ɗakin kwana. Saboda haka ya fara samun abokin nasa su biyu kaɗai, ya ji dalilinsa, wataƙila tallar safe ce ke makarar da shi. In ya ƙi ji, ya faɗa masa a gaban malami ranar da wani zai karɓi matsayinsa, malamin kuma ya tsaya a kan ranar.