Barcin Matuƙi Na Wane Ne?

Abin da attajiri ke saya idan ya mallaki jirgin sama na ƙashin kansa, ko ya ɗauki shatarsa, shi ne 'yanci daga agogo. Mai tikitin jirgin fasinja dole ya bi lokacin kamfani, in ya makara jirgi ya tashi ya bar shi. Mai jirgin kansa kuwa jirgi ne ke jiransa. In taro ya kai shi ƙarfe ɗaya na dare, a lokacin za a tashi. In ya farka da asuba ya ga damar karya kumallo a wani gari, waya kawai zai ɗaga. Sai dai akwai masu biyan kuɗin wannan 'yanci, su ne mutum biyun da ke zaune a gaban jirgin, kuma da barcinsu suke biya.

A nan tambaya take. Shin mutum yana da ikon ya sayar da barcinsa, wani kuma ya saya, tunda dai an yi ciniki kowa ya amince?

Bari mu ɗauki Amurka, ƙasar da ta fi kowace yawan irin waɗannan jirage. Da yawa daga matuƙan can suna aiki ne a kan jadawalin kwana bakwai a bakin aiki, kwana bakwai a gida, kamar yadda aka sani a kamfanin NetJets. Wasu kamfanonin kwana takwas ne da shida. Wanda ya ji haka zai ce ai wannan aiki hutu ne. Amma a cikin kwanakin aikin, sau da yawa matuƙi bai san garin da zai kwana gobe ba. Yau ya fara da asuba, jibi ya gama tsakar dare. Kuma ba tuƙi kaɗai yake yi ba. A ƙananan jirage shi ne mai ɗora jakunkuna, shi ne mai kula da shan mai da abincin fasinja, shi ne mai kimtsa cikin jirgi bayan baƙi sun sauka.

Dokar ƙasar ta raba jiragen gida-gida. Jirgin shata yana ƙarƙashin sashe na 135 na dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato FAA. Sashen ya ce matuƙa biyu ba za su wuce awa 10 suna cikin iska ba, kuma dole a cikin awa 24 da suka gabaci kammala aiki a samu awa 10 a jere na hutu. Lissafin ya nuna ke nan ana iya tsare mutum awa 14 a bakin aiki. Jirgin da mutum ko kamfani ya mallaka don amfanin kansa kawai, wanda ke ƙarƙashin sashe na 91, galibi doka ba ta yanka masa awannin aiki da na hutu ba. Akwai shawarwari da ƙungiyoyin masu harkar suka fitar, kuma kamfanoni da yawa suna bin su, amma shawara ce, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Manyan jiragen fasinja su aka fi tsananta wa. Bayan jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo a watan Fabrairun 2009, mutum 50 suka rasu, maganar gajiyar matuƙa ta cika gari. A watan Janairun 2014 sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta wajabta hutun awa 10 da zai ba matuƙi damar barcin awa 8 ba yankewa, ta kuma rage tsawon aikin da aka fara cikin dare. Wannan doka ba ta shafi jiragen shata ba. Ga matuƙa biyu, jini da tsoka iri ɗaya, sararin sama ɗaya, amma ma'aunin gajiyarsu daban.

Mai karatu, mu lissafa awa goman nan. A ce an rufe jirgi ƙarfe 11 na dare, za a dawo ƙarfe 9 na safe. A cikin awa goman ne za a jira mota, a kai otal, a karɓi makulli, a nemi abin da za a sa a baki a garin da ya riga ya kwanta, a kira gida a ji lafiyar yara, a yi wanka. Da safe kuma a tashi, a shirya, a sake kama hanyar filin jirgi. In aka samu barcin awa shida ko bakwai an gode Allah, in ma barcin ya zo da wuri, don baƙon gado da baƙon gari ba sa sakin ido nan da nan. A takarda an huta awa 10. Jiki kuwa ba ya karanta takarda.

Akwai wata dabara da ta fi wannan muni. A bar matuƙi a gida ko a otal da waya a hannu, a ce kowane lokaci ana iya kiransa. Ya wuni ido biyu, sai ƙarfe 10 na dare waya ta yi ƙara. Kamfani ya waiwaya baya ya ce ai tun safe ba ka yi komai ba, wannan shi ne hutunka, yanzu awa 14 ɗinka ta fara. Hukumar FAA ta sha bayyana cewa zaman jiran waya ba hutu ba ne, hutu sai an sanar da mutum farkonsa da ƙarshensa tun da wuri, an kuma sauke masa duk wani nauyi. Wannan hukunci ya yi daidai da abin da kowa ya sani a jikinsa. Uwar da ke jinyar ɗanta tana iya kwana a kan katifa, amma ba wanda zai ce ta huta.

Yanzu ga hujjar masu cewa babu laifi, kuma hujja ce mai nauyi. Suna cewa matuƙin nan baligi ne, ya karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu, albashinsa ya fi na mutane da yawa, kuma yana da mako guda cur a gida. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Likita yana kwana a asibiti, ɗan kasuwa yana kwana a hanya. Me ya sa matuƙi zai zama ɗan lele?

Da a ce wahalar a kan matuƙi kaɗai take tsayawa, da hujjar ta kusa gamsarwa. Mutum yana da iko mai faɗi a kan jin daɗinsa, yana iya sayar da zufarsa da lokacinsa. Amma abin da gajiya ke ci a jikin matuƙi shi ne hankalinsa, kuma wannan hankalin shi ne igiyar da rayukan wasu ke rataye a jikinta: abokin tuƙinsa, ma'aikaciyar jirgi, 'ya'yan maigidan da ke baya, da mutanen da jirgin ke bi ta saman rufinsu. Daga cikin mutum 50 na Buffalo, ɗaya yana cikin gidansa ne jirgi ya same shi. Wannan bai sa hannu a kan yarjejeniyar kowa ba. Mutum ba ya sayar da abin da aka ba shi ajiya, kuma barcin matuƙi a daren da zai tashi jirgi ajiya ce ta mutanen da bai ma san sunayensu ba.

Wani zai ce to a bar wa matuƙin, in ya gaji ya faɗa. Matsalar ita ce gajiya tana fara lalata ma'aunin da ake auna ta da shi. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, aikinsa yana raguwa kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, wato iyakar da ƙasashe da dama suka sa wa direban mota. A 2003 kuma wani bincike a Jami'ar Pennsylvania ya gano cewa mutanen da aka taƙaita wa barci zuwa awa shida har mako biyu, aikinsu ya yi ta lalacewa kullum, alhali su da bakinsu suna cewa ɗan barci kaɗan suke ji. Ƙara da cewa tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba jikin ɗan Adam yana can ƙasa, ko ya sha shayi ko gahawa. Ba wanda zai yarda ya hau jirgin da matuƙinsa ya kurɓi barasa, ko da ya rantse garau yake. Amma mai awa 17 ido biyu, in ya ce lafiya lau, sai a yaba masa a ce jarumi ne.

Shi ya sa ake yanke iyaka tun kafin dare ya yi, lokacin da kowa ke cikin hayyacinsa kuma ba mai jira a bakin ƙofa. Dokar hutu alkawari ce da mutum mai cikakken hankali ke ɗaure wa kansa, don ya san anjima za a samu wani shi ɗin, gajiyayye, wanda ba abin yarda ba ne.

Duk da haka doka lokaci take bayarwa, ba ta iya sa mutum barci. A ranar 31 ga Yulin 2008 wani jirgin shata ƙirar Hawker 800 ya sauka a Owatonna da ke jihar Minesota, da safe, a kan jiƙaƙƙen titi. Da kyaftin ya ga kamar jirgin ba zai tsaya ba, sai ya yi ƙoƙarin sake tashi bayan lokacin yin haka ya riga ya wuce. Duk mutum takwas da ke ciki suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta lissafa gajiya cikin abubuwan da suka taimaka, don matuƙan biyu ba su samu isasshen barci ba kuma sun yi sammako. Wannan ya nuna cewa amanar tana da kai biyu. Kamfani ya ba da lokaci, matuƙi kuma ya kashe lokacin a kan abin da aka ba shi dominsa. Wanda ya raba dare yana latsa waya a otal, ko ya ɓoye wa likita cewa barci yana gagararsa, shi ma ya taɓa ajiya.

Saura abu mafi wuya, wato bakin da zai ce a'a. A jirgin fasinja, matuƙi bai san masu kujeru ba, kuma tsakaninsa da su akwai ƙofa a kulle. A jirgin ƙashin kai, mai biyan albashi yana zaune taku kaɗan a bayansa, ya san sunansa, wataƙila ma shi ya biya kuɗin makarantar ɗansa. A ranar 29 ga Maris 2001 wani jirgin shata ƙirar Gulfstream ya taso daga Los Angeles a makare, ya nufi Aspen, gari mai duwatsu wanda aka taƙaita sauka a filinsa da dare. Ya faɗi daf da titin sauka, mutum 18 suka mutu. Gajiya ba ita ce matsalar wannan jirgi ba. NTSB ta ambaci matsin da kyaftin ya fuskanta daga wanda ya ɗauki shatar, wanda ya nace sai an sauka a Aspen. To in matuƙi ya ji nauyin ce wa mai kuɗi ga duhu ga dutse, abin da ido ke gani, ina ga ya ce masa barci nake ji?

Wannan magana ba ta yi nisa da mu ba. Duk wanda ya bi ta filin jirgin Abuja ko na Legas ya ga irin waɗannan jirage a jere, kuma lokacin yaƙin neman zaɓe suna zarya tsakanin jihohi dare da rana. Hukumar NCAA ta sha gargaɗin masu jiragen da ke da izinin amfanin kai amma suna yin haya da su a ɓoye, wanda hakan zamewa ne daga sa idon da ake yi wa jiragen haya. Ga kuma tarbiyyarmu, wadda ta koya wa yaro cewa musu da babba rashin kunya ne. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a gaban jirgi tana iya zama ajalin babban da ake jin nauyi.

Saboda haka nauyin ya fi karkata ga mai iko. Matuƙin da ya ce ba zai tashi ba yana sa abincinsa a caca, mai jirgi kuwa abin da zai rasa bai wuce 'yan awanni ba. Adalci shi ne wanda asararsa ta fi ƙanƙanta ya ɗauke ta. In tafiyar ta gaggawa ce da gaske, kamar ɗaukar marar lafiya, maganinta sananne ne: a tanadi wasu matuƙan da suka huta. Da tsada, amma wanda ya iya sayen jirgi ba zai ce albashin mutum biyu ya gagare shi ba. Kuma attajirin da ya san ciwon kansa zai gane cewa abu mafi daraja da yake biya shi ne mutumin da zai iya kallonsa ya ce, ranka ya daɗe, sai da safe. Wanda ya kori irin wannan ya ɗauko mai cewa to a kullum, ya kori mai gadin ransa ne da hannunsa.

Mafi yawanmu ba za mu taɓa hawa irin wannan jirgi ba. Amma akwai mai direban da ke kwana a mota a ƙofar gidan biki har asuba, sannan a ce ya kama hanyar Kaduna. Akwai mai tirelar da ke kiran direbansa kowace awa yana tambaya me ya tsayar da shi. Akwai fasinjan motar dare da ke yi wa direba tsawa don ya tsaya ya ɗan runtsa. Tambayar da ta hau kan mai jirgi ita ce ta hau kan kowannensu, kuma ba ta da wuyar yi: yaushe rabonka da barci? In amsar ba ta yi daɗi ba, a jira gari ya waye.