Baƙuwa a Aji Biyu: Laifin Wa Ne Idan Ta Yi Baya?

'Yan uwa mata, duk shekara masu takardar NCE ko difloma suna shiga jami'o'inmu ta hanyar shiga kai tsaye, wadda hukumar JAMB ke kula da ita. Aji biyu ake sa su, su tarar da waɗanda suka riga su da shekara guda, sun san halin malamai, sun san yadda jarrabawa take zuwa. Namiji da mace duk baƙi ne a nan, amma baƙuncin ba iri ɗaya ba ne.

Namiji yakan saba da wuri. Bayan lacca zai zauna a majalisar 'yan ajinsu, a nan zai ji an ɗage gwaji, a nan zai samu tambayoyin jarrabawar bara. Da dare ya shiga ƙungiyar masu bita. Ita kuwa mace, musamman matar aure, ana tashi take neman adaidaita sahu saboda girki da yara. Kunya ba za ta bar ta ta tare namijin da ba ta sani ba ta tambaye shi. Sai sakamako ya fito a ce ai ba ta da ƙoƙari.

To shin wannan hukunci adalci ne? Wasu za su ce malami ɗaya, jarrabawa ɗaya, babu wanda aka zalunta. Gaskiya ne ba a hana ta komai ba. Amma a ganina, abu mai yawa na karatun jami'a a wajen aji ake samunsa, a lokutan da ita ba ta nan. Wanda ya auna sakamako bai duba wannan ba, ya yi mata gurguwar shari'a.

Ba cewa nake a sauƙaƙa mata jarrabawa ba, hakan raini ne. Ita ma da nata nauyin: ta cire nauyin baki, ta nemi 'yan uwanta mata tun makon farko. Amma nauyi mafi girma yana kan waɗanda ta tarar, domin baƙo makaho ne ko da yana da ido. 'Yan ajinta mata su ja ta a jiki, a riƙa sa bita da rana. Maigida kuma da ya yarda ta yi karatu, ya sani izini kaɗai bai isa ba, sai ya haɗa mata da lokaci.

Allah Ya sa mu dace.